Ragon Daktor a Turken Yalwa

Duk wanda ya taɓa zama a Hillat Gado, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi kusa da Suki, ya san Yalwa matar Abdussalami. In bai ga fuskarta ba, ya ga ragunanta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Baharul Azrak, suka ce bari su yi damina ɗaya su tara na gaba. A cikin wannan damina ɗayar aka haifi Yalwa, aka yaye ta, aka aurar da ita, har furfura ta fara leƙo mata ta gefen kallabi.

Sana'arta turka raguna. Bayan kowace Sallah sai ta sayi wanda ya fi kowane ramewa a kasuwa, irin wanda iska ke kaɗawa, ta ɗaure shi a gindin dogon yaron da ke tsakar gidanta. Ta bi shi da dusa da harawar lubiya da ambaz, wato tunkuzar da ke saura in an matse mai. Kafin Layya ta zagayo sai ka ga abu ya zama kamar ɗan maraƙi. Ba ta raɗa musu suna. Takan ce wanda za ka miƙa wa mahauci, ba ka shiga sabo da shi.

Mijinta Abdussalami dogo ne mai daɗin hira. Ya yi shekaru yana tsinkar audugar mutane a Jazira, sai da aka buɗe aikin noman rani na Suki a farkon shekarun saba'in ya samu tasa hawasha, gonar haya ta gwamnati, yana noma auduga da gyaɗa. Ba za a kira shi malalaci ba, amma dai bai taɓa yin faɗa da inuwa ba.

Shekara ta biyu da samun gonar ciwo ya kama shi, kuma ciwo ne na gaskiya. In ya yi 'yar tafiya sai haki, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aka sha rubutu, aka sha sassaƙe, aka je asibitin Sinnar, can aka ce sai Hartum. Yalwa ta bar wa maƙwabciyarta Sodangi amanar turke, ta ɗaura zane, suka hau jirgin ƙasa.

A Hartum suna da mutum. Sakinatu, wata 'yar ƙauyen da ta auri ɗan kasuwa a Madani, ɗanta Abdulmuttalib ya yi karatun likita har Turai, ya dawo yana aikin zuciya a wani babban asibiti. Hausarsa ta yi tsatsa, in ya kama magana sai ya riƙa cike ramukan da Larabci. Ya dafa ƙirjin Abdussalami da abin sauraro, ya daɗe yana ji, sannan ya zauna.

"Baba, zuciya tana da bab, wato ƙofa. Taka ba ta rufewa daidai. Jini ya wuce, sai wani ya komo baya."

Abdussalami ya ce, "Awa bakin tur'a, hanyar ruwan gona, in katakon ya ruɓe ke nan. Ka saki ruwa gona, rabi shi koma inda ya hito."

"Bizzabt, haka ne."

"To mu laka muka liƙawa. Ku mi kuka sawa?"

Daktor ya yi dariya, ya ce a yanzu dai sai ƙwayoyi, da barin gishiri, da barin aiki mai nauyi. Daga cikin ukun nan, na ƙarshen ne ya fi shiga kunnen Abdussalami, har ya sa aka maimaita masa a gaban Yalwa. Daga nan daktor ya ce a ƙasashen waje ana buɗe ƙirji a cire ƙofar da ta lalace a sa ta ƙarfe. Shi da abokan aikinsa suna koyon abin, amma ba a fara da ɗan Adam, da raguna suke gwadawa. Da yawa sun mutu. Ɗaya ya tashi.

Ya kai su bayan asibitin. Ga wani farin rago mai baƙin kai a ɗaure, an aske masa gefen ƙirji, ɗinki ya bi shi kamar bakin buhu. Daktor ya ce, "Inna, sa kunnenki nan."

Yalwa ta durƙusa ta kara kunne. Ta ji ƙat, ƙat, ƙat, ba fashi. Ta ɗago ta dube shi.

"Ɗana, agogo kunka mance ciki?"

Ya bayyana mata cewa wani ɗan ƙwallo ne, bai fi kurna girma ba, a cikin ɗan kejin ƙarfe. Jini ya tura shi ya buɗe hanya, ya dawo ya rufe, shi ne ƙarar. Yanzu abin da ake so a gani shi ne ko zai daure a jikin ragon da ke zaman raguna, yana ci yana sha. Sai dai shugaban asibiti ya ce nan ba garke ba ne, tun ranar da ragon ya cinye masa furanni. Ga Layya ta matso, masu gadi sun fara yi wa dabbar wani kallo da daktor bai yarda da shi ba. Mahaifiyarsa kuwa ta sha ba shi labarin turken Yalwa.

"In ya yi shekara lafiya, mun matsa kusa da yi wa mutane," in ji shi. "Mutane kamar Baba."

"Awa wa?" in ji Abdussalami.

Yalwa ba ta bari an maimaita ba. Ta ce a kwance igiya.

Da majinyata biyu ta koma Hillat Gado a bayan lori. Dokokin ragon ba su da yawa: ba gudu, ba karo, ƙwaya ɗaya kullum da safe a daka a cikin dusa don kada jini ya daskare a kan ƙarfen. In kuma ya mutu, ko ta wace hanya, daktor yana son zuciyar. Aka kafa turke a gefe ɗaya na dogon yaro, aka ajiye angarib, gadon igiyar nan, a ɗaya gefen, kowa ya kama wurinsa.

Kafin sati ya zagayo labari ya kai har garin Hajj Abdalla. Mutane suka riƙa zuwa jin ragon da ke da agogo a ƙirji. Matasa masu Larabci a baki suka sa masa Abu Sa'a, mai agogo. Yalwa ta so ta hana, amma da ta tuna yadda ya tsallake wuƙar likitoci da ta masu gadi, sai ta ce ai sa'ar ma da harshenmu ta dace da shi. Ta ƙi sanya suna shekara da shekaru, ga shi an sanya mata a tsakar gida, ita ma ta kama kira.

Ragon bai da haƙurin baƙi. Mata yakan ƙyale su su saurara, amma namiji in ya sunkuya ya kawo kai, sai ya ɗauka gayyatar karo ce. Wani direban tarakta ya zo da agogon hannunsa don ya gwada wanne ya fi daidai, ya koma da ƙulu a goshi. Usmanu mahauci, abokin Abdussalami tun suna tsinkar auduga, shi bai damu da ƙarar ba. Tsayawa yake daga nesa yana auna cinyoyi da ido. Shi ya kai maganar masallaci, wai ko rago mai ƙarfe a zuciya ya halatta a yi layya da shi. Liman Zakariya ya ce littattafai sun yi maganar gurgu da mai ido ɗaya da ramamme, amma bai ga babin mai agogo ba, a ba shi lokaci ya duba. Yalwa ta aika masa cewa kada ya wahalar da idonsa, don ba mai yanka shi.

A cikin gida kuwa wani abu ya fara cin Abdussalami. Shi miyarsa lami, ko ƙwayar gishiri babu. Ragon kuma an rataya masa curin gishiri a jikin bishiya, yana lasa yana lumshe ido.

"Yalwa, ciwonmu guda da wanga rago. Don mi shi ka lasar gishiri ni a hana ni?"

"Malam, shi an gyara mai tashi ƙofa. Kai taka na nan tana yoyo."

Wata rana da hantsi ta dawo daga ɗebo ruwa ta tarar da maigida a tsaye a gindin dogon yaro, fuskarsa a jikin curin gishirin, ragon yana kallonsa kamar mai jiran layi. Abdussalami ya juyo a hankali ya ce yana duba ne ko tururuwa ta hau. Yalwa ta sauke tulu, ta kwance gishirin, daga ranar a ɗakinta curin yake kwana, sai lokacin lasa ta fito da shi ta tsaya a kai.

Abin da ya fi gishiri damunsa shi ne wuƙa. Ya faɗa wa Usmanu a kan jabana, gahawar da aka hana shi sha fiye da ɗan kofi ɗaya.

"Ka ga halin da nike ciki. Ragon ga in ya mutu, ba ni da magani. In ya rayu, a tsaga ni awa kabewa. Ban san addu'ar da za ni yi mai ba."

Usmanu ya ce ya roƙa masa lafiya daidai gwargwado. Haka ya riƙa yi. Amma zama wuri ɗaya yana kawo sabo. Wuni guda suna tare a inuwa, ba mai zuwa gona a cikinsu. Abdussalami ya fara ba ragon labarin shekarunsa na Jazira, da mufattishin, wato sufeton, da ya taɓa korarsa daga gona, da yadda ya fara ganin Yalwa. In ragon ya yi tari sai shi ma ya dafa ƙirji. In ragon ya ƙi cin dusa, ranar shi ma tuwo ba ya wuce masa. Daktor yakan ƙaraso in ya zo Madani ganin mahaifiyarsa, ya saurari ƙirjin wannan, ya saurari na wancan, ya ce kwayis, wato da kyau, ya tafi.

Ana cikin haka wata ranar kasuwar Suki, Yalwa ta tafi sayen ambaz. Tumakin Sodangi suka wuce ta ƙofar gida za su bakin ruwa. Abu Sa'a ya ɗaga hanci, ya ja igiya sau ɗaya, turken ya fito da ƙasarsa. Abdussalami, wanda ya yi watanni masallaci kawai ke fitar da shi, shi ma sai ya huta a hanya, ya tashi ba takalmi ya bi shi. Mutanen da ke zaune a ƙofar gidaje suka ga rago ya wuce yana jan turke, suka ga mai ciwon zuciya ya wuce yana riƙe da bakin riga, sai su ma suka bi.

A bakin tur'a makiyaya Larabawa sun sauka da garkensu, a ciki akwai wani jan rago mai wutsiya har ƙasa, shi ma ya ga tumakin Sodangi. Kafin kowa ya iso an ja da baya an haɗu. Ƙarar karon har cikin gari aka ji ta. Aka sake, aka kuma. A na ƙarshe jan ragon ya juya ya shige cikin garke, Abu Sa'a ya tsaya yana huci. Abdussalami ya iso numfashi na neman ƙwace masa, ya faɗi a gwiwa, ya rungumi wuyan ragon, ya manna kunne a ƙirjinsa.

"Yana yi," in ji shi. Daga faɗin haka ya sulale a kan ciyawa.

A amalanken jaki aka kawo su gida, mutum a kwance, rago a ɗaure a gefensa. Daidai lokacin Yalwa ta shigo da buhu a ka. Ta ajiye buhun, ta tsaya tsakaninsu, rabin gari na kallonta. Sodangi ta rantse daga baya cewa sai da Yalwa ta dubi ragon tukuna. Amma dai ƙirjin mijinta ta fara sa wa kunne, ta daɗe a nan, kuma da ta ɗago idonta ya yi ja. Sai da ta tabbata yana numfashi daidai sannan ta wanke shi tas a gaban mutane, ta ce wane irin dattijo ne zai kashe kansa a kan dabba. Abdussalami bai ji zafin faɗan ba. Har ƙarshen ransa yana ba da labarin cewa shi aka fara dubawa.

Gudun nan ya jawo masa asara ɗaya. Yalwa ta ce wanda ya iya kai kansa bakin tur'a a guje zai iya zuwa hawasha a kan jaki ya tsaya kan masu ban ruwa. Daktor da ya zo ya goyi bayanta. Ita kuma Sodangi, bayan 'yan watanni tunkiyarta ta haifi farin ɗan rago mai baƙin kai. Mutane suka yi layi a gidanta suna sa kunne a ƙirjinsa, ba su ji komai ba sai zuciya irin ta kowa. Sodangi ta daɗe tana jin an cuce ta.

Abu Sa'a ya wuce shekarar da aka ɗibar masa, ya ga Layya biyu ta wuce ta kansa. Abin da ya kashe shi bai shafi zuciya ba. Farkon damina ya sake kuɓucewa, ya faɗa gonar ɗanyar dawa da ba ta kai gwiwa ba, ya ci har ya gaji. Kafin la'asar cikinsa ya kumbura kamar ganga. Yalwa ta ɗura masa mai, ta ɗura kanwa, ta murza cikin, ba abin da ya sauka. Da ta ga ya fara miƙe ƙafafu, ita da kanta ta aika a kira Usmanu don kada ya tafi mushe. Matar da ta saba riƙe wa mahauci ƙafar rago, ran nan ɗaki ta shiga ta ja labule. Abdussalami ya hau jakinsa ya tafi gona, alhali ba ranar ruwa ba ce.

Usmanu ya cire zuciyar da kulawar da bai taɓa yi wa nama ba. Aka samo ƙanƙara wajen masu kifi a Suki, aka sa a bokiti mai murfi, aka naɗe da buhu. Naman kuwa da farko kowa ya ce ba zai ci ba, sai da ƙamshi ya tashi daga gidan liman sannan aka gane an samu fatawa. Abdussalami kaɗai ya ƙi. Ya ce ba ya cin abokin jinya.

Yalwa ta hau jirgin Hartum ita kaɗai, bokiti a tsakanin ƙafafunta. Taragon ya cika maƙil, mutane har a kan taga. Bayan Sinnar kamsari mai duba tikiti ya ga ruwa ja-ja yana bin ƙasa daga gindin buhu.

"Ya hajja, mene ne a ciki?" ya tambaya da Larabci.

Larabcin Yalwa na kasuwa ne, tana faɗin abu kai tsaye. Ta ce, "Zuciya."

"Ta wa?"

"Ta majinyacin daktor. Jiya muka yanka shi."

Kamsari ya duba fuskarta, ya ga tsohuwa mai kamala da carbi a hannu, ya huda tikitinta ya wuce ba tare da ya ƙara tambaya ba. Na kusa da ita suka fara tuna cewa suna da 'yan'uwa a wani taragon. Har Hartum Yalwa a miƙe ta yi tafiya a kan benci guda, abin da bai taɓa faruwa da ita a jirgi ba.

A asibiti Daktor Abdulmuttalib ya karɓi bokitin da hannu biyu. Ya yanka zuciyar, ya wanke, ya ɗaga ta wajen haske, ya kira abokan aikinsa. Ƙarfen yana nan fes, nama ya bi ɗinkin ya rufe shi, ba gudan jini ko ɗaya. Suka riƙa magana da Turanci suna dariya, ɗaya har yana dukan kafaɗar ɗaya. Yalwa tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ɗana," ta ce, "ko gaisuwar rashi ba ka yi min?"

Daktor ya dube ta, ya ajiye almakashi, ya wanke hannu. Ya zo gabanta ya sunkuyar da kai ya ce, "Al-baraka fikum, Inna. Allah ya ba da haƙuri." Abokan aikin, da ba su san abin da ake ciki ba, su ma suka bi layi suka yi mata ta'aziyya. Ta amsa wa kowa yadda ya kamata, sannan ta tambayi abin da ya kawo ta: yaushe za a yi wa Malam?

Ya gaya mata gaskiya. Rago ɗaya ba ya isa a ɗora ran mutum a kansa. Sai an yi wasu, sai an samu injuna da babu su tukuna. Kuma yoyon Baba ƙwayoyi suna riƙe da shi, tsaga shi yanzu ya fi barinsa hatsari.

Da ta kawo wannan labari gida, Abdussalami ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ga irin kallon da take yi masa, ya gyara murya ya ce, "Wato dai, Allah shi kai mu lokacin."

Daktor ya ƙara aiko mata da raguna biyu a shekarun da suka biyo. Ɗaya bai yi wata ba ya mutu, ɗayan ya daɗe, amma mutane sun riga sun saba, ba mai zuwa saurare. Abdussalami ya yi shekaru yana zuwa hawasharsa a kan jaki. Daga baya kumburin ya dawo, ƙwayoyi suka daina aiki, ya rasu a lokacin tsinkar auduga, kafin shekarun saba'in su ƙare, ba a kai ga yi masa aikin ba.

Daktor ya zo gaisuwa da motarsa. Ya zauna a kan tabarma a gaban Yalwa ya ce yana jin nauyi, sun yi jinkiri, ba su cim ma Baba ba.

"Kada ka sa ma ranka," in ji ta. "Ko kun shirya, sai kun ɗaure shi da igiya kahin shi kwanta muku. Ya samu abin da yaka so, ya tahi da ƙirjinai ba ɗinki."

Ta tambaye shi ko har yanzu suna da raguna a bayan asibiti, ya ce akwai. Ta tambayi abin da suke ci, ya ce abin da aka samu. Ta tashi ta shiga rumfa ta fara fito da dammunan harawa, ta sa Usmanu da masu zaman makoki suka ɗaure su a kan rufin motar, har da wani a kujerar baya. Daktor ya so ya ce ya isa, ta ce wannan ba nasa ba ne balle ya ƙi. Haka ya kama hanyar Sinnar, mota ta zama kamar rumbu mai tafiya, awakin gari suna bin ta a baya har bakin gada.